Lemon citta na gwangwani da laulayi: amsa ga wata 'yar'uwa a Idi-Araba

Tambayar da ta aiko: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Idi-Araba, ina aiki a wani ofis kusa da CMS. Cikina wata uku, laulayi ya sa ni gaba, musamman da safe a cikin danfo. Wata abokiyar aikina Bayarbiya ta ba ni wani lemon gwangwani da aka rubuta wa ginger ale, ta ce maganin tashin zuciya ne. Na sha na ji daɗinsa, yanzu kullum sai na sha biyu. Maigidana ya ce ya ji ale sunan giya ne, in daina. Surukata kuma tana da ciwon sukari, ita ma tana karɓa ta sha saboda an ce citta tana sauke sukari. Don Allah giya ne? Magani ne? Zai taɓa cikin?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da laulayi, Allah ya raba lafiya. Na daɗe ina aikin harhaɗa magunguna a nan Legas, kuma wannan gwangwanin da kike magana an sha ɗora mini shi a kan kanta ana yi mini irin tambayarki. Ba giya ba ne, ki kwantar da hankalin maigida. Amma ba magani ba ne kuma. Lemo ne, ɗan'uwan Fanta da Sprite, sai dai an ɗan ɗiga masa ƙamshin citta. Biyu a kullum ya yi miki yawa. Hajiya surukarki kuwa, ina roƙonki a janye mata shi tun yau. Abin da kike nema a cikin gwangwanin nan yana nan a kicin ɗinki, a cikin kayan yajin da kike dakawa.

Bari in fara da maganar maigida, tunda ita ce ta taɓa addini, kuma ba daga sama ya ɗauko ta ba. A Turanci ale suna ne na wani nau'in giya. A Ingila, tun ƙarni na 18, suna haɗa citta da sukari da ruwa da yis su bar shi ya tsima, kuma wancan na asali yana da giya a cikinsa. Shi ne ake ce wa ginger beer. Daga baya, wajen shekarun 1850, a birnin Belfas na arewacin Ailan, masu yin ruwan soda suka fito da wani wanda ba a tsima shi: ruwa ne mai gas, a zuba sukari da ɗanɗanon citta, shi ke nan. Suka ɗauki sunan ale suka laƙaba masa. Mai hasken nan marar yaji da ya cika duniya yanzu, wani mai harhaɗa magunguna ne a Toronto ta Kanada, John McLaughlin, ya fitar da shi a 1904, shi ne Canada Dry. Irin wannan, da na Schweppes, ba a sa musu yis, ba a barinsu su tsima, babu abin da zai bugar a ciki. Inda nake so ku lura shi ne in kun ga kwalba an rubuta ginger beer a manyan kantunan Ikeja ko Lekki. Yawancinsu yanzu lemo ne kawai, amma akwai masu giya na gaske, kuma su za ku ga an rubuta adadin giyar da alamar kashi cikin ɗari a jikin kwalbar. A duba kafin a saya. Hukunci na malamai ne, ni abin da ke cikin kwalbar nake gaya miki.

Yanzu ki ɗauko gwangwanin, ki juya bayansa. Haka nake yi da duk wanda ya zo mini da shi, in sa yatsa a kan ƙananan rubutun nan mu karanta tare. Ƙa'idar rubuta kayan haɗi ita ce a fara da wanda ya fi yawa, a ƙare da wanda ya fi ƙaranci. Za ki ga ruwa mai gas a farko. Sai sukari, ko ruwan sukarin masara. Sai sinadarin tsami, sai na hana lalacewa, sai kalar ƙonannen sukari wadda take ba shi ruwan zinaren nan. Citta can wajen ƙarshe take, in ma an ambace ta, wani lokaci kuma sai dai a ce "ɗanɗano" kawai. A Amurka har kotu aka kai kamfanin Canada Dry saboda ya rubuta a gwangwani cewa da citta ta gaskiya aka yi shi, aka yi sulhu, kamfanin ya yarda ya cire wannan jumlar a kasuwar can. Harshenki ma shaida ne. Ke da kika tashi da kunun zaki da zoɓo da lamurje kin san yadda citta take kama maƙogwaro ta sauka da ɗumi har ƙirji. Kin taɓa jin haka a lemon nan? Wannan yajin shi ne maganin. Inda babu shi, babu maganin.

Sukarin kuwa yana nan cike. Gwangwanin Canada Dry mai mililita 355 yana ɗauke da kusan giram 35, wato kamar ki jefa ƙwayar sukari shida a kofi ɗaya. Wasu kamfanonin sun rage, don haka ki karanta naki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, in kuma aka tsaya a 25 ya fi. Gwangwani biyu sun kai ki 70, tun ba ki sha shayin safe ba, ba ki taɓa burodi ba. Ita kanta gwamnati ta san da matsalar, shi ya sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. A mai ciki abin ya fi damuna, saboda akwai ciwon sukarin da ciki yake kawowa, wanda ake gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28, kuma shan lemon zaƙi kullum ba ya taimaka wa mace ta tsallake shi.

Ba na musa cewa kina jin sauƙi in kin sha. Na yarda ƙwarai, kuma akwai dalili. Abu mai sanyi ya fi zama a cikin mai laulayi a kan mai zafi, don ba shi da tururin da zai bugi hanci. Kurɓa kaɗan-kaɗan ita kanta magani ce. Kin fito gida da asuba ciki ba komai, sukarin jininki ya yi ƙasa, kuma yunwa tana daga cikin manyan masu tayar da zuciya, to zaƙin ya ɗan ɗaga ki. Gas ɗin ya sa ki yi gyatsa ki ji ƙirji ya saki. Duk wannan gaskiya ne, amma ruwan sanyi da biskit marar zaƙi za su yi miki kusan haka. Shi kuma gas ɗin da yake taimakonki yau, in ciki ya tsufa zai koma kawo miki kumburi da ƙwannafi. Abu ɗaya da zan yaba masa: yawancinsa ba shi da sinadarin kafin mai hana barci, saɓanin kola. Kuma tunda muna kan layin lemuka, ki kiyayi tonik da bita lemon, waɗanda a firijin shago sukan zauna kusa da shi. Ɗacin tonik na kwinin ne, tsohon maganin maleriya, bita lemon da yawa ma ana sa musu, kuma gara mai ciki ta bar su sai in likita ne ya rubuta mata kwinin don dalili.

To ita citta fa? A nan ne nake jin daɗin magana, domin tana cikin tsirran da bincike ya tabbatar da wani ɓangare na abin da iyayenmu suka daɗe suna faɗa. Alƙur'ani ma ya ambace ta, zanjabil, a aya ta 17 ta Suratul Insan, cikin abin shan mutanen Aljanna. Yajin ɗanyar citta daga wani sinadari yake fitowa mai suna jinjarol. In aka shanya ta ta bushe, ko aka dafa ta, wani sashe nasa yakan rikiɗe ya koma shogawol, wanda ya fi shi yaji. Shi ya sa busasshiyar citta ta mai shayi take fin ɗanya kama wuya, ɗanyar kuma ta fi ta ƙamshi. Waɗannan sinadarai biyu suna aiki a hanji, a kan wasu ƙofofin jijiya da saƙon tashin zuciya yake bi ya kai ƙwaƙwalwa, irin ƙofofin da maganin amai na asibiti mai suna ondansetron yake toshewa, sai dai ƙarfin citta bai kai nasa ba ko kusa. Tana kuma taimaka wa tumbi ya tura abinci gaba da wuri, kada ya kwanta ya yi nauyi.

An gwada ta a kan masu ciki sau da dama. Wanda aka fi ambata shi ne na ƙasar Tailan a 2001: mata 70 masu laulayi, aka raba su biyu, wasu aka ba su garin citta miligiram 250 sau huɗu a yini na kwana huɗu, wasu aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, kuma masu cittar suka fi samun sauƙi a fili. Da aka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje daga baya, abin da ya fito shi ne citta ta fi ƙarfi wajen rage tashin zuciya a kan tsayar da aman kansa. Ki riƙe wannan, don kada ki yi amai sau ɗaya ki ce ba ta aiki. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da mai laulayi za ta iya gwadawa kafin a kai ga magani. Maganar mota kuma, tun 1982 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka ɗora ɗalibai 36 a kujera mai juyawa, waɗanda suka sha citta suka fi jurewa. A 1988 aka ba wasu ɗaliban sojan ruwa 80 na Denmak giram ɗaya a kan teku, amai da gumin sanyi suka ragu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan jirin tafiya ba duka suka dace da waɗannan ba, don haka hujjar laulayi ta fi ta mota ƙarfi. Amma ke abu biyun ne suka haɗu miki, ga laulayi ga danfo, kuma gwadawa ba ta da tsada.

Ki lura da adadin, giram ɗaya na busasshen gari a yini, a rarrabe. Wannan rabin ƙaramin cokalin shayi ne, a shafe, ba a tula ba. Ɗanyar citta kusan kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne, saboda haka daidai da wancan a ɗanya shi ne kamar giram 5, guntu kamar gaɓa ɗaya ta yatsanki. Ga yadda nake koya wa matan da suke zuwa wurina. Da daddare ki ajiye biskit ko busasshen burodi kusa da gado. In kin farka, kafin ki miƙe, ki ci kaɗan. Ki wanke guntun cittar, ki kankare bawon da bakin cokali, ki yayyanka ta siriri kamar farce, ki zuba a ƙaramin fulas, ki cika da tafasasshen ruwa, ki rufe minti goma. Ki matsa lemon tsami kaɗan in hancinki yana so. In zafi yana tayar miki da zuciya, ki yi shi tun dare ya huce, ki juye a gora. Ki kurɓa kafin ki fita, kamar rabin awa kafin ki hau mota, sauran kuma ki riƙa kurɓa a hanya da ofis har yamma. Ki ajiye siririn yanki ɗaya a ƙulle a jaka. Lokacin da go-sulo ya tsayar da ku a Ojuelegba, hayaƙin tirela yana shigowa ta taga, warin fetur da na gumi sun haɗu, ki sa shi a baki ki tsotsa, ba sai kin tauna ba. Ki nemi kujerar gaba ko bakin taga, ki kalli nesa, ki bar duba waya har ku sauka gadar Eko.

Na san abin da za a ce miki a gida: citta tana da zafi, tana zubar da ciki. Wannan tsoron ya daɗe a cikinmu, kuma ba na raina shi, don daga kulawa ya fito. A ƙasar Norwe an bi mata sama da 68,000 masu ciki, kimanin 1,000 daga cikinsu sun yi amfani da citta, kuma sakamakon da aka buga a 2013 bai nuna ƙarin naƙasa ga jarirai ba, ko haihuwar bakwaini, ko mutuwar ɗa a ciki. A adadin abinci da adadin da na gaya miki, hankalina a kwance yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jiƙe-jiƙen da ake haɗawa da yawa, citta dunƙule guda da tafarnuwa da kanunfari da wasu saiwoyi, a dafa ya yi baƙi a ce mai ciki ta sha kofi-kofi, ko agbo, jiƙon Yarbawa da ake yawo da shi a robobi wanda ba ki san me ke ciki ba. Idan kuma kin taɓa yin ɓari, ko kina ganin ɗigon jini a wannan cikin, ko an sa ki a kan asfirin, to ki faɗa wa likitarki a wurin awo kafin ki mai da citta abin kullum. In haihuwa ta matso ki koma ta miya da ta yaji kawai.

Akwai kuma inda citta ba ta isa ba, kuma nan ne nake so ki fi saurarena. Laulayi yakan yi tsanani wajen mako na 9, yawancin mata kuma su samu kansu tsakanin mako na 14 da na 16, don haka in Allah ya so kin kusa fita. Amma in kika wuni kika kwana ko ruwa ba ya zama, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, kina ganin jiri in kin miƙe, kina ramewa, ko kin ga jini a amai, wannan ya wuce laulayin da ake daurewa. Ƙarin ruwa kike buƙata da magani, kuma ga asibitin koyarwa na LUTH nan a unguwarku. In da zazzaɓi, a gwada maleriya a ranar. Akwai magungunan da ba su da illa ga ciki, farawa da bitamin B6, kada ki ji kunyar tambaya. Ƙwayar ƙarin jini ma takan tayar da zuciya. Kada ki daina ta da kanki, ki gwada shanta da dare bayan abinci, in abin ya ƙi a sauya miki. Bayan amai kuma ki kurkure baki da ruwa, ki dakata kamar rabin awa kafin buroshi, don tsamin ciki yana tausasa bayan haƙori, lemon gwangwani kuma ƙara masa yake yi.

Mu koma kan Hajiya. Abin da aka gaya mata yana da ɗan tushe: wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna garin citta, in an sha kullum na makonni, yana ɗan rage sukarin jinin masu ciwon. Ɗan ragi ne, ba wanda zai maye gurbin metformin ko allurar insulin ba. Amma abin da take sha ba citta ba ne, ƙwayar sukari shida ce a narke, kuma sukarin da ke cikin ruwa ya fi kowanne saurin shiga jini. In tana da na'urar gwaji a gida, ku gwada kafin ta sha da awa ɗaya bayan ta sha, lambar za ta yi mata bayanin da ya fi nawa. Na san nauyin da ke tsakanin suruka da matar ɗa, ba ke za ki karɓe mata gwangwani daga hannu ba. Ki sa ɗanta ya yi maganar, ke kuma ki kawo mata madadin: shayin citta da kanunfari da na'ana'a, ba sukari, a kofinta mai kyau. Zuma ma sukari ce a wurin mai wannan ciwo. Sannan a duba jakar magungunanta. In akwai wafarin, ko kulofidogirel, ko asfirin na kullum, wato masu tsinka jini, cittar miya ba komai, amma shan mai ƙarfi kullum ko ƙwayoyin citta na kanti sai da sanin likitanta. In tana shan gilbenkilamaid, wanda shi kansa yakan faɗar da sukari ƙasa, a ƙara sa ido. Haka mai tsakuwar matsarmama, haka wanda za a yi wa tiyata, shi ya dakata da mai yawa mako biyu kafin ranar. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kuwa jikinsa ne zai gaya masa. Ga lafiyayyen babba, abin da aka saba cewa shi ne kada a wuce giram 4 na gari a yini, don daga nan ƙwannafi da gudawa suke farawa.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya wuce shi ba tunda uwa za ki zama. Wata rana da yamma wata mata ta shigo mini da yaro ɗan shekara biyu a kafaɗa, kwana biyu yana amai da zawo. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, na ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma ba. A hannunta akwai kwalbar lemo da ta girgiza ta fitar da gas, tana ɗura masa, don an ce mata yana tsayar da amai. Ba sakaci ta yi ba, iya abin da ta sani ta yi. Nan take na tura su asibiti. Lemon kwalba, ko na citta ko waninsa, sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa kusan babu, kuma yawan sukarin yana janyo ruwa zuwa hanji ya ƙara zawon. Abin da yaro yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, ORS, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. In babu ledar, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Duk wanda ya ga kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sauran abubuwan da ake jingina wa citta, zan taƙaita. Ciwon mara lokacin al'ada, akwai hujja mai kyau, in an fara sha a kwana uku na farko. Ciwon gwiwa na tsufa, tana ɗan ragewa. Mura, tana ɗumama maƙogwaro ta sa a ji daɗi, ba ta kashe ƙwayar cutar. Narkar da tumbi, warkar da daji, wanke mahaifa, da sauran abin da ake turowa a WhatsApp, kada ki kashe kuɗinki.

Abin da yake ɗan sosa mini rai shi ne mu ne masu cittar. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da suka fi nomanta a duniya, kuma cibiyarta kudancin Kaduna ce, Kaciya da Jaba da Kagarko. Tamu an san ta da yaji da yawan mai, shi ya sa ake ɗaukarta a buhuna ta tashar Apapa zuwa ƙasashen waje. A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta faɗa wa gonakin yankin ta ruɓar da yawancin amfanin, manoma suka yi asara mai tsanani, kuma duk wanda yake cefane a kasuwar Mile 12 ya ji a aljihunsa. Lokacin da abu ya yi tsada ne algus yake yawaita, don haka na fi son ki sayi guda ki daka da kanki a kan ki sayi gari a ƙulle. In ɗanya ce, ki zaɓi mai nauyi, mai tauri, fatarta a miƙe, in kin karya ta yi ƙas ta fesa ƙamshi. In busasshiya ce, ki fasa ɗaya ki duba ciki, ki sansana. Mai baƙi-baƙi ko kore-kore, ko warin rima, ki bar ta ko da kyauta ce, domin fumfunar da ke kama kayan da ba su bushe da kyau ba tana iya haifar da gubar da ke cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Da laimar Legas, ko mai kyau kika saya ki zuba a kwalba mai murfi.

Ban ce ki rabu da abin da kike jin daɗinsa ba. Ni ma ina son sa, da ƙanƙara, ranar da zafi ya yi zafi. Gwangwani ɗaya a wurin biki ko ranar Lahadi ba zai yi miki komai ba, ki sha a matsayin lemo. Amma in kumfar nan ce da sanyin suke ja miki rai, ki yi naki. Ki samu ɗanyar citta kamar yatsu biyu, ki gurza, ki zuba a ruwa kofi biyu, ki bari ta tafasa a hankali minti goma sha biyar. Ki tace da rariya mai laushi, ki matse tukar sosai. Tun da zafinsa ki raba biyu, rabi ki sa sukari cokali biyu, rabin Hajiya ki bar shi haka. In ya huce ki matsa lemon tsami biyu. Lokacin sha, ki zuba kaɗan a gindin kofi, ki jefa ƙanƙara da ganyen na'ana'a, ki cika da ruwan soda marar zaƙi mai sanyi, a hankali ta gefen kofin don kada kumfar ta gudu. Wannan zai ishi mutum shida, kuma kofi ɗaya ya cika miki kasonki na yini, ranar ba sai kin ƙara da na fulas ba. Ki yi iya na kwana ɗaya ko biyu, ki sa a firij. In wuta ta ɗauke ya kwana a zafi, kika buɗe gorar ta yi huci, ko kika ga kumfa tana tasowa da kanta, ya fara tsima ke nan, ya kama hanyar zama abin da maigida yake gudu, sai ki zubar ki dafa sabo. Kofin farko ki miƙa wa abokiyar aikin nan taki, ki ce mata ata ile ce, wato citta da Yarabanci, ta Kaciya.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba Hajiya sauƙi. In kin je awo na gaba, ki tafi da jerin duk abin da kike sha, har da cittar, ki nuna wa likita.